Makarar da Ta Fito Daga Gidan Malam Isa

Na sha jin ana ba ku labarin nan a gabana, wani lokaci ma ana yi ana kallona ana dariya, ni kuma ina murmushi kamar ba da ni ake ba. An ce ubanku, Lawali Mai Hoto, ya taɓa sa mutanen Bilbis sun yi wa karan dawa sallar jana'iza don ya haɗa fim. Har a makaranta an yi wa 'yar uwarku Hafsatu gori da shi, ta dawo gida tana kuka. Yanzu da ido ya fara gajiya, hannu ma ba ya riƙe kyamara sai da rawa, na ga gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya faru. Akwai laifina a ciki, zan faɗe shi ba ragi. Akwai kuma abin da nake alfahari da shi, shi ma ba zan yi kawaici a kansa ba, don na gaji da kawaici.

Kun san shagona na bakin tasha a Gusau. A nan na fara da hoton fasfo, daga baya na koma bidiyon biki. Shekara da shekaru aikina ɗaukar farin cikin mutane: amarya tana sunkuyar da kai, ango yana washe baki, 'yan uwa suna ture juna don su fito a gaba. Ban raina sana'ar ba, ita ta ciyar da ku. Amma abin da ya sa ni tunanin fim ba a gidan biki na gan shi ba, a gidanmu na Bungudu na gan shi, bayan rasuwar mahaifiyata. Kakanku na wajen uba mutum ne mai taurin fuska. Ban taɓa jin ya ce yana son matarsa ba, da wani ya tambaye shi ma da ya ji haushi. Amma bayan an gama zaman makoki kowa ya watse, na lura in ya dawo daga gona da la'asar sai ya shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida, ya zauna a kan ɗaya, ya bar ɗayar. Ba ya kallonta, ba ya maganarta. In rana ta faɗi ya naɗe su duka ya kai ɗaki. Haka ya yi ta yi wata bakwai, sannan ya bi ta. Abin ya zauna mini a ƙirji shekaru, har na ce sai na yi fim a kan tsoho irin wannan, ba waƙa, ba rawa, ba ɗan mai kuɗi da mota. Na sa masa suna Tabarma Biyu. Duk wanda na gaya wa sai ya tambaye ni wa zai saya.

Mu uku ne ƙashin bayan aikin. Ni ne darakta, ni na rubuta labarin a littafin makaranta. Nasiru, abokin sana'ata tun muna samari, shi ke riƙe kyamara, don hannunsa ya fi nawa tsayuwa. Na uku shi ne Baba Ɗanjuma, tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi yake wuni a teburin mai shayi kusa da shagona. Bai taɓa fitowa a fim ba, bai ma cika kallo ba. Na ɗauke shi ne don yadda yake zama shiru, ya riƙe kofi har shayin ya huce. Kayan aikinmu kuwa abin dariya ne: kyamara ɗaya mai cin ƙaramin kaset, makirfo ɗaure a kan gora, da fallen kwanon rufi da muke karkata wa rana don ya hasko fuskar Baba. Babur ɗina na sayar na sayi kasakasai. Ummanku ce ke dafa mana abinci, tana yi tana mita.

"Mutane na sai da fim su sayi babur, kai ka sai da babur ka sayi fim," in ji ta. "Allah dai shi sa tsohon ga ya iya kuka, tunda ba shi iya rawa."

Amma ita ce ta ɗinka likkafanin fim ɗin da hannunta, ba ta bari na kai wa tela ba.

Mun ɗauki yawancin fim ɗin a Bungudu, a ɗakin mahaifina da bakin gulbi. Babbar matsalarmu 'yan kallo. Duk inda muka kafa kyamara, kafin ka ce me unguwa ta taru, wannan yana ɗaga hannu, wancan yana gyara hula, wata tana aiko a gaya mana ita ma ta iya. Baba Ɗanjuma yana tsakiyar baƙin ciki sai ka ga wani ƙato a bayansa yana murmushi. Abin ya ishe ni. Da muka zo kan fitar da gawar matar tsohon, wadda ita ce tsakiyar fim ɗin, na rantse ba wanda zai ɓata mini ita. Ina kuma son lungu na ginin ƙasa, mai tsawo, irin wanda siminti bai ci ba. Irin wannan lungun na san shi a Bilbis, a ƙofar gidan surukina.

Malam Isa, kakanku na wajen uwa, ba ku san shi sosai ba. Manomi ne, mai ɗan karatu, wanda in ya yi magana a Bilbis ba a nemi shaida. Lokacin da na nemi Ummanku danginsu sun ce mai hoto ba sana'a ba ce. Shi ya tsaya ya ce ya gwada ni a ƙananan abubuwa, bai taɓa kama ni da ƙarya ba, wannan ya ishe shi. Da wannan shaidar aka ba ni mata, da ita nake shiga garin kaina a sama. Ba ni da gona a Bilbis, ba ni da dangi, wannan maganar tasa ita ce duk abin da na mallaka a can. Ita na kusa zubarwa da hannuna.

Na je na durƙusa na gaya masa abin da nake so. Ya daɗe yana sauraro, sannan ya ce:

"Lawali, makara ba abin wasa ba ta. Na yarda ku hiddo ta daga gidana, tunda ka ce don tunatarwa kaka yi. Amma ka tahi da ƙahwarka ka hwaɗa ma liman, ka hwaɗa ma mai unguwa. Kar ka aika. Ni kau ranar ba ni zama, ba ni son ganin likkahwani cikin gidana. Tsahe za ni sayen taki."

Na ce to, Malam, in sha Allahu.

Ga laifina, ku riƙe shi da kyau. Ban je wurin liman ba, ban je wurin mai unguwa ba. Na lissafa cewa in na gaya musu, gari duka ya ji, in gari ya ji kuma an cika lungun ana ɗaga wa kyamara hannu. Sai na tsaya kan ladan kaɗai, na ari tsohuwar makarar da aka daina amfani da ita, na ce ya isar wa liman da saƙo bayan mun gama. Na gaya wa kaina aikin minti biyar ne, daga ƙofar gida zuwa ƙarshen lungu, mu sauke mu mayar. Sannan na yi dabarar da a lokacin na ɗauka babu mai wayona a Zamfara: na ɓoye kyamarar. Muka ajiye motar hayar da ta kawo mu a bakin lungu, inda ake hango har filin masallaci, muka rataya zani a tagoginta muka bar 'yar kafa. Ni da Nasiru muka shige ciki.

Da hantsi aka fito da ita. Karan dawa ne da ɗan buhun yashi don nauyi, muka naɗe a likkafani muka rufa tabarma. Mutum takwas na ɗauko daga Gusau, huɗu ɗauke da makara, huɗu a baya, Baba Ɗanjuma yana binsu da farar riga, kansa a ƙasa. Na ce wa Nasiru ya fara.

Taku ashirin na farko komai ya tafi yadda na rubuta. Sai wani mai gyaran keke da ke bakin lungun ya ajiye sifana, ya goge hannu a riga, ya bi bayansu. Na yi tsaki, na ce wannan zai ɓata mini aiki. Bai kalli ko'ina ba, sai makara. Mai sayar da rake ya bar baronsa ya biyo. Wasu dattawa uku da ke zaune a kan dakali suka miƙe tare. Ƙofofi suka fara buɗewa. Ni da na girma a Bungudu, na san sarai cewa a garuruwanmu ba a gayyatar mutum jana'iza, ganin makara shi ne gayyata. Na sani tun ina yaro. Amma son fim ya rufe mini ido, na manta da abin da kowane jariri ya sani. Kafin su kai tsakiyar lungu an fara karɓa-karɓa, mutanena huɗu an ture su gefe, kafaɗun mutanen Bilbis ne a ƙarƙashin makarar. Na ji ana tambayar wace ce, na ji wani yana cewa ai matar baƙon nan ce da ya sauka gidan Malam Isa. Da maganar baƙo ta zaga sai taron ya ninka. Baƙo ya yi rashi a garinsu, ba shi da kowa, to su ne danginsa.

Ban taɓa ganin abu mai kyau a cikin kyamara irin wannan ba, har yau kuwa. Hasken hantsi ya faɗo a kan bangon ƙasa, mutane suna tafiya da sauri, ba surutu, ba wanda ya san ana ɗaukarsa. Ba darakta a duniya da zai iya koya wa mutane irin wannan tafiyar. Nasiru yana ɗauka yana yi mini raɗa.

"Lawali, ka ga abin da Allah ya ba mu? Wallahi ko Kano ba su da wanga."

Na ce ya ci gaba. Wannan ma ina faɗa muku, ni na ce ya ci gaba.

A ƙarshen lungu ba su sauke kamar yadda na tsara ba. Suka miƙe da ita filin masallaci, inda liman yake zaune a inuwa da littafi. Ya miƙe, yana mamakin yadda aka yi rasuwa ba a sanar da shi ba. Aka ajiye makara a gabansa. Masu alwala suka ruga bakin randa, sahu ya fara tsayuwa, ɗaya, biyu, har na bar ƙirga. Mutanena takwas sun tsaya kamar an dasa su, kowa yana satar kallon motarmu. Ladan, wanda shi kaɗai ya san gaskiya a mutanen masallacin, ya tafi gona tun da safe. Liman ya juya ya tambaya:

"Mace ta ko namiji na?"

Na ɗauka a nan Baba Ɗanjuma zai warware. Sai na ji muryarsa, wadda ban taɓa jin irinta ba duk kwanakin da muka yi muna ɗauka.

"Mace ta, Malam. Matata ta."

Hawaye ne ke zuba a gemunsa. Liman ya ce Allah ya jiƙanta, ya matsa ya tsaya inda ake tsayawa.

Nasiru ya riƙe mini hannu. Ya ce kabbara huɗu ce, a tsaye, ba ruku'u ba sujada, kafin in ƙifta ido an gama. Ya ce daga baya mu san yadda za mu yi, a ce za a kai ta garinsu a binne. Ya ce in na fita yanzu za su iya fasa motar da mu a ciki. Ba mugu ba ne Nasiru, tsoro ne da son aiki suka haɗu masa, ni ma kuma duka biyun suna jikina. Amma na hango mai gyaran keken nan a sahun gaba, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa, ya bar sana'arsa don ya roƙa wa matar da bai sani ba gafara. Na tuna daga gidan wa makarar ta fito. In aka yi kabbarar nan, ba ni kaɗai na yi ƙarya ba, na yi ta ne da sunan Malam Isa, a gaban Allah, da bakin limaminsu.

Na buɗe ƙofar mota na diro, takalmi ɗaya ya tsaya a ciki. Na ruga ina cewa a dakata. Liman ya riga ya ɗaga hannuwa zuwa kafaɗa, bai dai furta ba. Na ratsa sahu, na durƙusa gaban makara, na yaye tabarmar, na kwance bakin likkafanin, karan dawa ya bayyana.

"Ba gawa ba ta," na ce. "Fim mukai. Ni na shirya, ni na ɓoye kyamara cikin motar can. Malam Isa ya ce in hwaɗa ma liman, ni naƙ ƙiya. Laihina na, ni kaɗai."

Ba a yi kabbara ba. Ku ji da kyau, ko ɗaya ba a yi ba. Wanda duk ya ce muku an yi, ko bai je wurin ba, ko ya fi son labarin da daɗi.

Shirun da ya biyo baya ya fi mini zagi ciwo, amma zagin ma bai yi nisa ba. Wani ya kira ni ɗan iska, wani ya ce a ƙone kyamarar, wani ya shaƙe mini wuyan riga har maɓalli ya tsinke. Ban ɗaga hannu ba, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Liman ya tsawata aka sake ni. Ya dube ni ya yi mini faɗan da tun rasuwar mahaifina ba wanda ya yi mini irinsa, a gaban gari, ina tsugune da takalmi ɗaya. Sannan ya juya kan Baba Ɗanjuma.

"Kai kuma, dattijo da hurhura, na tambaye ka ka ce matarka ta. Har da kuka."

Baba ya share fuska da hannun riga. Ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan da matarsa ta rasu yana kan hanya, ya ɗauko kaya daga kudu. Kafin ya iso Gusau an yi kwana uku da binne ta. Bai ga fitarta ba, bai tsaya a sahunta ba, bai ɗauki makararta ko taku ɗaya ba.

"Da nig ga mutane sun taso, Malam, sai na mance da kara na ciki. Na ga kamar ita ta anka ɗauko, an jira ni."

Kullum muna tare da mutumin nan, ina gaya masa yadda zai yi baƙin ciki, ban taɓa tambayarsa nasa ba. Na ji kunya irin wadda ban ji ba ko lokacin da ake zagina.

Liman ya dubi makarar. Ya ce a ɗauke karan nan a mayar da makara inda aka ɗauko ta. Da aka ɗauke, ya ce tunda jama'a sun yi alwala sun taru, kada a watse hannu wofi, a zauna a yi wa matar dattijon nan addu'a, ita dai gaskiya ce ta rasu. Ya tambayi sunanta. Aka zauna a ƙasa, aka yi mata addu'a mai tsawo, aka shafa. Sannan mutane suka bi layi suna ba Baba hannu suna yi masa gaisuwa, har wanda ya tsinke mini maɓalli. Ni ba wanda ya ba ni hannu, ban kuma sa rai ba.

Na ɗauka na sha mafi ɗacin ranar. Ashe da saura. Wani ɗan kabu-kabu ya ga fitowar makara daga gidan Malam Isa, bai tsaya tambaya ba, ya wuce Tsafe da fasinjansa. A can ya ci karo da Malam a wurin masu taki, ya yi masa gaisuwa, ya ce an fitar da gawar mace daga gidansa. Mace ɗaya ce a gidan, Inna, kakarku. Malam ya san da maganar fim, amma ya kuma san ya sa ni in gaya wa liman, ya san ba na saɓa masa. Da yaron ya ce ya ga gari duka yana bin makarar, sai Malam ya ce to wannan ba fim ba ne.

Muna tsakar gidan Malam, ina zaune a gefe na rasa inda zan sa kaina, Inna tana kwashe tuwon da ta yi mana tana ta mita a kan matan maƙwabta da suka shigo mata da salati suka same ta da muciya a hannu. Sai ga Malam ya shigo ba sallama, ba hula, ƙura har gira. Ya tsaya yana kallonta. Sai ya zauna a ƙasa daɓas, inda ba tabarma.

"Malam, mi as same ka?" in ji Inna.

Ya juyo ya dube ni. Na rarrafa na durƙusa a gabansa na gaya masa komai, tun daga ladan har zuwa takalmin da na bari a mota. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce:

"Daga Tsahe zuwa nan, Lawali, sau ukku ina binne ta."

Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka, ni da 'ya'ya biyar a lokacin.

Ya tambaya ko an yi kabbara. Na ce ba a yi ba. Ya tambaya wa ya hana. Na ce ni. Ya tambaya ko wani ne ya tona ni, na ce a'a, a mutanen gari ba wanda ya san muna cikin motar. Ya jinjina kai, ya ce in kawo abin da muka ɗauka ya gani. Nasiru ya buɗe ɗan allon kyamara ya riƙe masa. Minti goma sha ɗaya ne. Ya kalla tun daga farko har ƙarshe, yana kiran sunayen mutanen garinsu ɗaya bayan ɗaya a hankali. Da ya ƙare ya ce abin ya yi kyau, ya tambaye ni me zan yi da shi.

Nasiru ya riga ni magana. Ya ce ba salla a ciki, tafiya ce kawai, ba wanda ya ce a goge, in muka yanke ƙarshen babu laifin kowa. Gaskiya ya faɗa, liman bai ce a goge ba, Malam ma bai ce ba. Kuma na san in na sa wannan a fim, shi za a riƙa magana a kai. Amma mutanen nan ba don fim ɗina suka bar sana'arsu ba, don Allah suka bari. Ban ga yadda zan ɗauki wannan in sa a faifai in kai kasuwa ba. Na ce zan goge.

Malam ya tambaya yaya ake gogewa. Na ce a irin wannan kaset sai dai a mayar da shi baya a ɗauki wani abu a kai. Ya ce me zan ɗauka. Na ce ƙasa, zan duƙar da kyamara ta kalli ƙasa har mintocin su cika.

Ku tuna mutumin nan ko ranar aurenmu bai yarda na ɗauke shi hoto ba. Ya kalli wajen murhu. Sannan ya ce:

"Kar ka ɓata shi ga ƙasa. Ɗauki Innarku."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wane irin abin kunya ne wannan, gaban suruki. Malam ya tashi da kansa ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a bakin ɗakinta, ya ce ta zauna. Ta zauna tana ƙunƙuni. Ya tsaya kaɗan kamar mai shawara, sai shi ma ya zauna a gefenta. Na karɓi kyamarar daga hannun Nasiru, na mayar da kaset baya, na danna. Ina ɗauka ina sane da cewa kowace daƙiƙa tana cinye mafi kyawun abin da na taɓa ɗauka, ban kuma ji zafin da na zata ba.

Fim ɗin ya fito ba jana'iza a cikinsa. Dillalan da na kai wa sun ce ba waƙa, ba mutuwa a fili, me mutane za su kalla. Mun nuna shi a gidajen kallo biyu a Gusau, ɗaya a Bungudu, kwafin da muka buga rabinsa kyauta na rabar. Ban sake mallakar babur ba sai bayan shekara uku. A Bilbis kuwa na daɗe ina shiga da kai a ƙasa, maganar karan dawa da suka laƙa mini har yau ba ta fita ba, ita ce kuka gada kuna jin gori. Ban ce ban cancanta ba. Amma Malam Isa bai taɓa janye shaidar da ya yi mini ba. Na ji daga bakin Ummanku cewa da wani ya zo yana zuga shi, cewa ya yi: wanda ya fito daga maɓoya da ƙafarsa ya tona kansa, a bar masa shi.

Kaset ɗin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, na kuma sa an juye shi a waya don kada ya lalace. Shi kaɗai ne hoton kakanninku su biyu tare. Ba abin da ke faruwa a ciki. Inna tana rufe fuska tana buɗewa, tana cewa tuwonta zai huce. Malam yana kallon gabansa kamar an kawo shi gaban alƙali. Wajen minti na tara ƙuda ya sauka a kan mayafinta, ya ɗaga hannu ya kore mata shi, bai mayar da hannun kan cinyarsa ba, ya bar shi a kan tabarma kusa da nata har kaset ya tsaya.